Ƙullin Haɗa Kitsattsen Zare Da Zaren Roba: Abin Da Ya Kamata Masu Fatsa A Suleja Su Sani

A 'yan shekarun nan wani nau'in zaren kamun kifi ya fara shiga hannun masu fatsa a Najeriya, musamman masu amfani da sanda mai na'urar naɗe zare. Siriri ne ƙwarai, an kitsa shi da wasu siraran zarurruka masu yawa, kuma ƙarfinsa ya ninka na zaren roba mai kauri irin nasa sau uku zuwa huɗu. Sai dai zaren yana da santsi, kuma ƙullin da masunci ya saba yi wa zaren roba yakan zame a jikinsa da zarar babban kifi ya fizga.

Saboda wannan da wasu dalilai, ba a cika ɗaura ƙugiya kai tsaye a bakin kitsattsen zare ba. Akan haɗa masa guntun zaren roba ko na fulorokabon a gaba, sannan a ɗaura ƙugiyar a jikin guntun, wanda za a riƙa kira zaren gaba a wannan bayani. Mahaɗar zarurrukan biyu ita ce wurin da aka fi samun tsinkewa. Idan ƙullin wurin bai kama ba, kifi zai tafi da ƙugiya da dalma, kuma tsadar zaren ba za ta yi wa mai shi amfanin komai ba.

Ruwayen da ke kewaye da Suleja

Suleja, garin da aka kafa a 1828 da sunan Abuja kafin babban birnin tarayya ya karɓi sunan, yana zaune ne a ƙasa mai duwatsu. Kogin Iku ya ratsa ta gefen garin, kogin Gurara kuma yana tsallaka hanyar Suleja zuwa Minna a wajen Izom, ba nisa da shahararriyar magangarar ruwan Gurara. Masu neman manyan ruwaye kan nufi tafkin Shiroro da ke kan kogin Kaduna, wanda tasharsa ta lantarki ta fara aiki a 1990, ko tafkin Kainji da ya samu bayan kammala madatsar ruwa a 1968. A New Bussa da ke bakin Kainji ne Cibiyar Binciken Kifin Ruwan Daɗi ta Ƙasa take da mazauninta.

Abubuwa uku game da waɗannan ruwaye sun shafi zaɓin zare da ƙulli. Na farko, gindin kogunan yankin dutse ne a wurare da dama, tafkunan madatsun ruwa kuma suna ɗauke da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, kuma duka biyun suna cin zare. Na biyu, launin ruwan yana sauyawa da yanayi: da damina yakan yi ja saboda laka, daga Janairu zuwa Maris kuma yakan ja baya ya yi garau. Na uku, kifayen da kansu. Tsage yana da haƙora masu yanka kamar reza, ƙurungu yana da ƙayoyi masu zarto, tarwaɗa da ramboshi kan ruga cikin rami ko saiwa da zarar sun ji ƙugiya, giwar ruwa kuwa, wadda nauyinta kan iya wuce kilo 100, tana da kaifi a murfin kunnenta.

Sauyin zare ba baƙon abu ba ne ga masunta. Kafin zuwan nailan, Sarkawa da sauran masu su na Arewa da zaren auduga da na rama suke saƙa koma da kalli. Da zaren roba mai sili ɗaya ya shigo, masu saƙar raga sun lura cewa ƙullin da ke riƙe auduga yana zamewa a jikinsa, shi ya sa ake saƙa ragar roba da ƙulli mai ninki biyu. Abin da ke faruwa da kitsattsen zare a yau ci gaba ne na wannan darasi: duk lokacin da zare ya sauya, dole ƙulli ya sauya.

Zare iri uku da halayensu

Zaren roba mai sili ɗaya, wanda aka fi sani a kasuwannin Najeriya, da nailan ake yin sa. Wallace Carothers na kamfanin DuPont da ke Amurka ne ya samar da nailan a 1935, kamfanin kuma ya fara sayar da zaren kamun kifi na nailan a 1939. Zaren yana da sauƙin kuɗi, yana riƙe ƙulli, kuma yana miƙewa da kusan kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari kafin ya tsinke. Illarsa ita ce yana shan ruwa, rana kuma tana raunana shi.

Zaren fulorokabon shi ma sili ɗaya ne, amma sinadarinsa daban. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da shi a 1971 da sunan Seaguar. Nauyinsa ya ninka na ruwa sau 1.78, na nailan kuwa sau 1.14, don haka ya fi saurin nutsewa. Ma'aunin yadda yake lanƙwasa haske 1.42 ne, kusa da na ruwa mai 1.33, alhali na nailan ya haura 1.5, shi ya sa bai cika fitowa fili a cikin ruwa mai garau ba. Kusan ba ya shan ruwa, rana ba ta cika yi masa lahani ba, kuma fatarsa tana da tauri. Sai dai ya fi nailan tsada da sandarewa, kuma ya fi shi saurin lalacewa idan aka ja ƙulli a bushe.

Kitsattsen zare na zamani da wani nau'in foliyetilin mai ƙarfin gaske ake yin sa, wanda ake sayarwa da sunan Dyneema, ƙirƙirar kamfanin DSM na ƙasar Holan, ko Spectra na Amurka. Ya yaɗu a tsakanin masu fatsa tun farkon shekarun 1990. Yawanci ana kitsa shi da sili huɗu ko takwas. Miƙewarsa ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba, kuma ya fi ruwa rashin nauyi kaɗan, don haka yana tasowa sama. Wanda ke ɗaukar nauyin kilo 13 da ɗoriya kaurinsa bai kai milimita 0.3 ba, kwatankwacin zaren roba mai ɗaukar ƙasa da kilo 4.

Ya kamata a bambanta shi da murɗaɗɗen zaren nailan da ake saƙa raga ko shimfiɗa mamari da shi. Wannan murɗa shi aka yi, yana da kaushi, kuma ƙullin gargajiya yana kama shi. Kitsattsen zaren foliyetilin kuwa sulɓi gare shi kamar an shafa masa mai.

Dalilin haɗa su

Kowane ɗayan zarurrukan yana rufe gazawar ɗan'uwansa. Kitsattsen zare yana ba da damar jifa mai nisa, ruwa mai gudu ba ya jan sa sosai saboda sirantarsa, kuma rashin miƙewarsa na sa mai fatsa ya ji ƙaramin taɓi ko da ƙugiya tana nesa. Amma idan yana a miƙe ya gogi dutse mai kaifi, siraran zarurrukansa kan tsinke ɗaya bayan ɗaya cikin ƙanƙanen lokaci. Kifi yana ganin sa a ruwa mai garau, kuma da yake ba ya miƙewa, fizga mai ƙarfi kan iya yage ƙugiya daga bakin kifi.

Zaren gaba shi ke fuskantar dutse da ƙaya da bakin kifi, shi ke shanye fizga, kuma shi mai fatsa zai iya kamawa da hannu lokacin fitar da kifi. Akwai kuma lissafin kuɗi. Idan ƙugiya ta maƙale a gindin ruwa, ya fi sauƙi a rasa mita ɗaya ta zaren roba da a rasa mita ashirin ko talatin ta zare mai tsada. Tsawon zaren gaba yakan kasance tsakanin santimita 60 zuwa mita ɗaya da rabi, ana kuma ƙara shi a wuri mai duwatsu da yawa.

Abin da ke sa ƙulli ya zame ko ya tsinke

Ƙulli yana gazawa ta hanya biyu. Ko dai ya zame ya kwance, ko kuma ya yanke zaren. Zamewa tana faruwa ne idan gogayyar da ke tsakanin zarurrukan ba ta isa ba. Yankewa kuwa tana faruwa ne a inda aka lanƙwasa zare lanƙwasa mai tsanani, domin a nan bayan zaren ke ɗaukar nauyin da ya kamata dukan kaurinsa ya ɗauka. A mahaɗar kitsattsen zare da na roba hatsarin biyu suna haɗuwa: na farkon yana son zamewa, kuma saboda sirantarsa da ƙarfinsa yana iya nutsewa cikin na biyun ya yanka shi.

Maganin abin yana cikin yawan naɗi. Makiyayin da ya zagaya igiya sau uku ko huɗu a jikin turke yana iya riƙe bijimi da hannu ɗaya, domin kowane zagaye yana ninka riƙon da na bayansa ya yi. Haka ƙullin haɗi yake aiki. Naɗi huɗu ko biyar sun ishi zaren roba, amma kitsattsen zare yana buƙatar ninkin hakan ko fiye. Yawan naɗin kuma yana raba matsi a kan wuri mai tsawo, maimakon ya taru a ɗigo ɗaya ya yanka. Duk ƙulle-ƙullen da ke tafe a kan wannan ƙa'ida aka gina su.

Ƙullin Uni mai tagwaye

Wannan shi ne ya fi sauƙin koyo. Marubucin kamun kifi Vic Dunaway na jihar Florida a Amurka ne ya yaɗa ƙullin Uni a shekarun 1970.

Ana jera zarurrukan biyu gefe da gefe, bakin kowanne yana fuskantar inda ɗayan ya fito, su haɗu a tsawon santimita 20. A ɗauki bakin zaren gaba a komo da shi baya ya yi da'ira a gefen zarurrukan biyu, sannan a naɗe su duka biyun da shi ta cikin da'irar sau huɗu ko biyar, a ja bakin har naɗin ya tattaru. A yi haka nan da bakin kitsattsen zaren a ɗaya gefen, amma shi sau takwas zuwa goma. Daga nan a jiƙa wurin, a ja dogayen zarurrukan biyu a hankali har ƙulli biyun su zamo su haɗu su tokare juna, sannan a yanke ragowar bakunan.

Ya fi dacewa idan kaurin zarurrukan bai yi nisa da juna ba. Idan kitsattsen ya yi siranta da yawa, ana ninka bakinsa biyu kafin a fara. Illarsa ita ce ƙullin yana da ɗan kauri, yana buga zobban sanda lokacin jifa, don haka gara a bar shi a wajen zoben ƙarshe.

Ƙullin Albright

An raɗa masa sunan Jimmie Albright, wani shahararren jagoran masu kamun kifi a tsibiran kudancin Florida. An yi shi ne domin haɗa zare siriri da mai kauri.

Ana lanƙwasa bakin zaren gaba ya yi hanci mai tsawon santimita 7 ko 8, a riƙe shi da yatsu biyu. A zura kitsattsen zaren ta cikin hancin, a ja shi ya bi jikin ƙafafun hancin biyu zuwa inda yatsu suke. Daga nan a fara naɗe ƙafafun biyu tare da shi kansa kitsattsen zaren, ana komawa wajen bakin hancin, sau goma zuwa goma sha biyu, kowane naɗi yana zaune kusa da ɗan'uwansa ba tare da ya hau kansa ba. A fitar da bakin ta cikin hancin, ta gefen da zaren ya shiga tun farko. A jiƙa, a tura naɗin a hankali zuwa bakin hancin ba tare da ya zame ya fita ba, sannan a ja da ƙarfi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne fitar da bakin ta ɗaya gefen, wanda kan sa ƙullin ya kwance idan aka ja. Domin ƙarin tabbaci, wasu kan naɗa ragowar bakin sau uku a jikin dogon kitsattsen zaren su kulle.

Ƙullin Alberto

Gyaran fuska ne da Alberto Knie, wani mai kamun kifi a gaɓar tekun Amurka, ya yi wa ƙullin Albright domin ya dace da zare mai santsi. Ana yin hanci da zaren gaba kamar yadda aka bayyana, a zura kitsattsen zaren, sai a naɗe ƙafafun hancin sau bakwai ana nisantar bakinsa, sannan a juyo a yi wasu naɗi bakwai a kan na farkon ana komowa. A fitar da bakin ta gefen da aka shiga, a jiƙa, a ja a hankali har naɗin ya zauna.

Naɗin da ya hau kan juna a gicciye ya fi na Albright riƙo, kuma ana iya ƙulla shi cikin minti ɗaya bayan an saba. Ga mai fatsa a bakin Gurara da ke amfani da zaren gaba matsakaici, wannan ƙulli yana biyan yawancin buƙata.

Ƙullin FG

Wannan ƙulli ya bazu ne daga wajen masu kamun kifin teku na Japan, kuma ya bambanta da sauran ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ba a lanƙwasa zaren gaba ko kaɗan. Kitsattsen zaren ne ke yi masa saƙa a gicciye, wadda ke ƙara matsewa duk lokacin da aka ja. Da yake babu lanƙwasa, babu wurin da zaren gaba zai raunana, kuma ƙullin siriri ne, yana wuce zobban sanda ba tare da ya maƙale ba.

Sharaɗin farko shi ne kitsattsen zaren ya kasance a miƙe tam tun daga farko har ƙarshe. Wasu kan jingine sandar nesa da su su riƙe bakin zaren da haƙori, wasu kuma su naɗa shi a yatsa. A ɗora zaren gaba a gicciye a kansa, a bar santimita 15 na bakinsa. A zagaya wannan baki ta ƙarƙashin kitsattsen zaren ta gefen sanda, a miƙar da shi, sannan a zagaya ta ƙarƙashinsa ta gefen mai ƙullin, a sake miƙarwa. A ci gaba da haka, gefe bayan gefe, har naɗi goma sha shida zuwa ashirin, ana matse kowanne kusa da na bayansa.

Bayan nan a danne saƙar da yatsa, a ɗauki bakin kitsattsen zaren a yi ƙullin kulle guda biyu, wato a zagaya zaren gaba da dogon kitsattsen zaren tare sau ɗaya, a zura bakin cikin da'irar a ja. Sai mataki mafi muhimmanci: a jiƙa, a naɗa kowane zare a jikin guntun sanda, a ja da ƙarfi har launin saƙar ya sauya ya yi duhu, alamar ta nutse cikin fatar zaren gaba. Sai bayan haka ake yanke ragowar zaren gaba dab da ƙullin, a ƙara ƙullin kulle uku ko huɗu a jikin kitsattsen zaren shi kaɗai, a yanke bakin.

A gwaje-gwajen ja da masu kamun kifi ke yi, FG yakan kasance cikin waɗanda suka fi ƙarfi. Amma yana buƙatar zaren gaba ya fi kitsattsen kauri sosai, yana cin lokaci, kuma yana da wuyar ƙullawa cikin duhu ko a kwalekwale mai tangaɗi. FG da ba a ja shi ya zauna ba ya fi kowane ƙulli hatsari, domin zaren gaba zai zare daga cikinsa kamar an zare takobi daga kube.

Ƙullin likita da ƙarfe mai juyi

Ƙullin likita na gaggawa ne. Ana jera zarurrukan biyu, a yi da'ira da su tare, a zura bakin kitsattsen zaren da dukan tsawon zaren gaba ta cikinta sau huɗu zuwa shida, a jiƙa, a ja bakuna huɗun a lokaci ɗaya. Yana da sauri, amma bai kai sauran ƙarfi ba, kuma sai da gajeren zaren gaba da ba a riga an ɗaura wa ƙugiya ba.

Wata hanyar ita ce a raba zarurrukan da ɗan ƙarfe mai juyi, wanda ke da zobe a kowane gefe. Ana ɗaure kitsattsen zaren da ƙullin Palomar: a ninka shi biyu, a zura ninkin ta zoben, a yi ƙulli ɗaya sako-sako, a wuce da ƙarfen gaba ɗaya ta cikin hancin ninkin, a jiƙa a ja. Zaren gaba kuma a ɗaure shi a ɗaya zoben da ƙullin Uni guda. Ƙarfen yana hana zare murɗewa a ruwa mai gudu, amma ba ya wuce zobban sanda, kuma yana iya fasa zoben ƙarshe idan aka naɗo shi da ƙarfi. Ga mai neman tsage wannan hanya ta fi, domin haƙoransa suna yanke nailan da fulorokabon, sai an sa guntuwar waya ta santimita 15 zuwa 30 kafin ƙugiya.

Wane ƙulli ga wane aiki

Mai neman karfasa ko kawara da ƙananan zarurruka masu kusan kauri ɗaya, Uni mai tagwaye ya wadatar da shi. Mai neman tarwaɗa ko ragon ruwa a cikin duwatsu, da zaren gaba mai ɗaukar kilo 10 zuwa 15, Alberto ko Albright ya fi masa. Mai nufin giwar ruwa a Shiroro ko Kainji, inda ake buƙatar zaren gaba mai kauri da tsawo wanda zai shiga cikin zobban sanda, FG ne ya dace da shi, kuma gara ya ƙulla shi a gida da rana, ya tanadi Alberto domin gyara a bakin ruwa.

Game da zaɓi tsakanin nailan da fulorokabon, yanayi ne ke yanke hukunci. Da damina, lokacin da Gurara da Iku suka yi ja, kifi ba ya ganin zare ko wane iri ne, don haka zaren roba mai kyau ya wadatar. Amfanin fulorokabon ya fi bayyana da rani, a ruwa mai garau, ko inda ake son abincin ƙugiya ya nutse da sauri.

Gane dalilin tsinkewa da gwaji a gida

Bakin zaren da ya dawo bayan kifi ya tafi yana nuna abin da ya faru. Idan ya dawo a nannaɗe kamar wutsiyar alade, ƙullin ne ya zame, ma'ana naɗin bai isa ba ko ba a ja shi ya zauna ba. Idan zaren gaba ya tsinke daidai cikin ƙullin, galibi an ja shi ne a bushe ko naɗin ya hau kan juna. Gogayya tana haifar da zafi, kitsattsen zare kuwa yana narkewa a wajen digiri 145 na ma'aunin Selsiyos, ƙasa da nailan da fulorokabon. Wannan ne ma dalilin da ya sa masu ƙona bakin zaren gaba da ashana domin ya yi ɗan kai suke kare kitsattsen da yatsa. Idan kuwa zaren ya dawo da kaushi ko gashi-gashi, dutse ne ko itace ya ci shi, kuma ƙullin ba shi da laifi.

Ana iya gwada ƙulli ba tare da na'ura ba. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. A naɗa kitsattsen zaren sau da yawa a jikin sanda mai santsi da aka gicciya a sama, a naɗa zaren gaba haka nan a mariƙin bokiti, sannan a riƙa zuba ruwa lita bayan lita har a ga inda zai tsinke. Wanda ya maimaita wannan sau biyar ga kowane ƙulli zai san wanda hannunsa ya fi iyawa, kuma ƙullin da mutum ya ƙware a kansa ya fi masa wanda aka fi yabo amma bai iya ba.

Kiyaye hannu, ruwa da doka

Kitsattsen zare yana yanka fata idan yana a miƙe. Ba a naɗa shi a yatsa ko tafin hannu domin fizge ƙugiyar da ta maƙale, sai dai a naɗa shi a guntun itace. Saboda wannan dalili bai dace da fatsar hannu marar sanda ba, musamman ga yara. Wajen yanke shi, sabuwar reza ko almakashi mai kaifi ake buƙata, domin dakusasshen ƙarfe tauna shi yake yi.

Guntayen zaren da aka yanke bai kamata a bar su a bakin ruwa ba. Dukan nau'o'in uku suna daɗewa ƙwarai ba su ruɓe ba, kuma suna sarƙe ƙafafun tsuntsaye da kunkuru da dabbobin da ke zuwa shan ruwa. Ta wannan fuska ƙulli mai kyau yana da amfani biyu: yana kawo kifi gaɓa, yana kuma rage yawan zaren da ke salwanta a cikin kogi da kifin da ke yawo da ƙugiya a baki.

Dokar Kamun Kifi a Ruwayen Cikin Gida ta 1992 ta haramta amfani da guba da abubuwan fashewa da wutar lantarki wajen kama kifi, kuma al'ummomi da dama na bakin ruwa suna da sarkin ruwa da ke kula da lokacin su da wuraren da aka keɓe. Baƙon da ya je da sandarsa ya kamata ya nemi izini kafin ya jefa ƙugiya. Kafin jifan farko kuma, da bayan kowane babban kifi ko maƙalewa, ya kamata a bi zaren gaba da yatsu a ji ko ya yi kaushi, a ja mahaɗar da ƙarfi a gani. Idan akwai shakka, sake ƙullin ba ya cin fiye da minti biyu.